Ƙararrawar Ƙorafi ta Anwargar

Sau ɗaya na ba da wannan labari da baki. A tsakar gidan kawunmu ne, bayan sallar isha'i, ranar da Sallau ya ce zai kai mahaifiyarsa asibiti a Indiya. Yanzu ina rubuta shi yadda na faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba, domin akwai mutanen da nake so su karanta su ba ni amsa.

Sallau ɗan kawuna ne, taubashina, mai shagon tayoyi. Da na ce a kashe rediyo a matso kusa, sai ya juya ya ce wa matarsa ta gyara zama, wai Malama Tasallah za ta karanta musu takardar ƙorafi ta ɗari da ɗaya. Na ce masa mai tayoyi bai san darajar takarda ba sai ranar da aka kama shi ba ta. Na sa kowa ya yi a'uziyya. Sannan na fara.

Barira 'yata ce, kun sani, ita kaɗai Allah ya bar mini. Tana da shekara talatin da ɗaya ƙodojinta suka tsaya, duka biyun. Wankin ƙoda sau uku a mako. Jijiyoyin hannunta suka gaji, aka koma wuya. Aka gwada ni, aka ce tawa za ta yi mata. Shi ya kai mu Indiya, wani asibiti da ke bakin wani tsohon gari, Anwargar.

A can akwai doka. Baƙo ba ya ba da ƙoda sai wani kwamiti ya zauna ya gan shi ido da ido, ya tabbatar ba sayarwa ya yi ba, ba kuma tilasta shi aka yi ba. Doka ce mai kyau, ban taɓa kushe ta ba. Abin da na kushe shi ne ɗagewa. Sau ɗaya suke zama a wata. Zaman farko aka ce shugabansu ya tafi biki. Na biyu ba su ma ba da dalili ba, takarda kawai muka tarar manne a ƙofa. Na uku aka sa shi ranar Laraba, ƙarfe huɗu na yamma. Wanda aka kira sunansa ba ya nan, sai wata mai zuwa.

Tafintan asibitin, wani bawan Allah mai suna Imtiyaz, shi ya gaya mini abin da likita ya faɗa. Bai kalle ni ba da yake faɗa. Ya ce Barira ba ta da wani watan.

Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata. Ban saba ganin kuskure in wuce shi ba. A wata biyun nan na rubuta wa kwamitin wasiƙa bakwai, kowace da lambarta da kwanan watanta. Babu wadda aka amsa. Kwafinsu duka yana cikin jakata, ina yawo da su.

Ranar Larabar aka ɗora Barira a kan inji ƙarfe goma sha ɗaya. Sai uku za a cire ta, kuma ba a barin kowa a ɗakin. Na zauna, na tashi, na zauna. Imtiyaz ya ga ina neman huda tayil da kai-komo, ya ce in je in ga tsohuwar fada, tafiyar minti goma ce a adaidaita, in dawo kafin biyu. Ya so ya raka ni, amma yana da wasu marasa lafiya 'yan Sudan. Ya ce in tsaya a filin gaba. Wannan kaɗai ya ce.

Na riga na karanta tarihin garin a wani ɗan littafi da ake sayarwa a bakin asibiti. Masarauta ce mai cin gashin kanta a da. Sarkinsu Nawab ake ce masa. Ko da Turawa suka zo ba su cire shi ba. Yana da sulallansa, yana da kan sarkinsa na aika wasiƙa, yana da ɗan layin dogonsa, kuma in ya fito sai an harba masa igwa tara. Shekarar da Turawa suka tafi, Nawab na ƙarshe ya shiga jirgin ƙasa. Ya ce mako biyu zai yi. Bai dawo ba.

Na isa sha biyu da rabi. Rana tsaka, lokacin da iyayenmu ba sa barin kowa ya gifta kufai. Na sani. Na shiga.

Ɗakin giwaye ya zama wurin ajiye babura. Benen da ake kaɗa tambura a saman ƙofa ya cika da tattabaru. Mai sayar da tikiti yana barci, jarida a fuskarsa. Ban ga baƙo ko ɗaya ba.

Filin gaba babu inuwa. Ta gefen hagu kuwa akwai wani lungu mai sanyi, tsakanin katangar fada da wata rijiya. Na bi shi.

Rijiyar ba irin tamu ba ce. Gini ne da aka yi shi ƙasa maimakon sama, hawa bakwai, da matakala ta dutse har bakin ruwa, mace ta sauka da tulunta ta ɗebo ta hau. An datse bakinta da ƙofar ƙarfe. Kwaɗo ya yi tsatsa. Ta tsakanin ƙarafan na hango ruwan can ƙasa, kore, ba ya motsi.

A ƙarshen lungun akwai wata ƙaramar ƙofar katako. Gefenta sarƙa ce ta sauko daga sama, inda wata ƙararrawar tagulla take rataye. Ga allo da rubutu, har da Turanci. Ya ce Nawab na huɗu ne ya rataya ta, domin duk wanda aka zalunta, ɗan gari ko baƙo, ya ja, sarki ya ji da kunnensa. Ya ce an cire harshen ƙararrawar tun da daɗewa, ba ta ƙara. Iyakar abin da allon ya ce ke nan. Ku riƙe wannan.

Ƙarshen sarƙar yana sheƙi, alamar masu yawon buɗe ido suna ja su ɗauki hoto. Su da wasa suke ja. Ni na tsaya da wasiƙa bakwai a jaka, a gaban abin da aka ƙera musamman don irina. Na kama ta da hannu biyu. Na ambaci kwamitin a zuciyata, na ambaci Barira. Na ja.

Ta yi ƙara.

Sau ɗaya. Ba ta da ƙarfi. Amma na ji ta a haƙorana. Tattabarun duk suka yi shiru.

Ƙofar ta buɗe. Wani mutum ne, siriri, da doguwar farar riga mai maɓallai har wuya. Alƙalamin kara a bayan kunnensa. Tawada a yatsunsa. Ya yi mini sallama, ya ce shi ne magatakardan ƙorafi, in cire takalmi in shigo.

Da Hausa ya faɗa. Hausa tsantsa, irin ta tsofaffi.

A nan matar Sallau ta ce ai da ita ce da ta zura da gudu. Na ce mata wata biyu ke nan ban ji wani jami'i ya ce mini in shigo ba. Na cire takalmina. Na tsallake dokin ƙofa.

Sai da ya sake magana na lura. Kun san finafinan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa, baki na tafiya daban, magana na fitowa daban? Haka nasa yake. Leɓɓansa su gama motsi, maganar ba ta ƙare ba.

Ya juya ya shige gaba, ina biye. Na sauke ido ƙasa. Ba takalmi a ƙafarsa. Yana tafiya gaba, yatsun ƙafarsa suna kallona.

Na waiwaya. Ƙofar tana nan a buɗe, rana tana haskawa a kan takalmina. Taku biyar ne tsakaninmu. Na yi biyar ɗin. Na yi goma. Tana nan inda take, taku biyar.

Ya tsaya yana jirana, kamar mai jiran tsohuwa ta gama gyara zane.

Zaure ne dogo, mai sanyi kamar randa. Can ƙurya akwai shimfiɗar sarauta da matashi babba, ba kowa a kai. Wani faffaɗan ƙyalle rataye a rufi yana kai-komo yana ba da iska, igiyarsa tana ja, ba mai jan ta. A jikin bango kuma mutane ne zaune, sahu-sahu, kowa da takarda a hannu. Maza da mata. Wani yana riƙe da igiyar akuya, ba akuya. Ƙura ta kwanta a kafaɗunsu kamar yadda take kwanciya a kan kabad. Ba wanda ya ɗago kai.

Na ƙirga su, don ido ya saba da aji. Ɗari da goma sha biyu.

Magatakarda ya kama babban yatsana. Hannunsa ba sanyi, ba ɗumi. Ya shafa masa tawada, ya danna a kan wasiƙata ta sama, wadda ban san lokacin da ta fito daga jaka ba. Ya nuna mini ƙarshen sahu. Ya ce in zauna, Nawab zai ji kowa bi da bi in ya dawo.

Na duba agogo. Biyu da kwata. Ban yi minti biyar a wurin ba.

Na ce masa zan tafi in dawo. Ya ce ba a yi. Ya yi mini bayani a natse. Al'adar gidan ce tun Nawab na huɗu: wanda ya ja sarƙa ba ya fita sai an ji shi. Don kare talaka aka yi haka, saboda a da, in mutum ya kai ƙarar babba, a hanyar gida ake tare shi. Don haka mai ƙorafi baƙon sarki ne, yana cikin amana, har a yanke masa hukunci. Ranar da mai gida zai hau jirgi, ya ce a riƙe masa mutanensa. Shi kuma yana riƙe da su.

Wannan ne ba su rubuta a allon ba. Sun rubuta nauyin tagullar. Sun rubuta sunan maƙerin. Wannan ba su rubuta ba.

Na yi masa abin da na iya. Na ba shi tarihi, shekara da shekara. Na ce Turawa sun tafi. Na ce an haɗe masarautu an yi ƙasa ɗaya. Na ce Nawab ɗinsa ya rasu a wata ƙasa, jikokinsa ma sun tsufa, ɗakin giwayensa babura ne a ciki. Ya saurare ni har na gama, kansa a sunkuye.

Ya ce, “Ba a aiko mini a rubuce ba.”

Ni ce fa. Ni da na sha mayar da iyayen yara gida don ba su zo da takarda ba.

Na karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ya haɗa hannuwansa, ya jira na kai ƙarshe, ya shafa. Ya ce Allah ya karɓa, su ma suna karantawa safe da yamma. Sannan ya sake nuna mini wurin zamana.

Uku saura minti biyar.

Na ce na janye ƙorafin. Na ce ba wanda ya zalunce ni, ƙarya na yi, kwamitin mutanen kirki ne. Ya ce janyewa ma a gaban Nawab ake yin ta.

Uku da minti goma. An cire Barira daga inji ke nan. Na san za ta buɗe ido ta tambayi inda nake. Na san Imtiyaz zai ce yanzu za ta shigo.

Ban taɓa durƙusa wa jami'i ba a rayuwata. Na durƙusa. Na kama gefen rigarsa, ta zame a hannuna kamar hayaƙin girki. Na ce masa ina da 'ya. Na ce ƙarfe huɗu za a kira sunana. Na ce in ba na nan, ba kashe ta zan yi da wuƙa ba, amma ni ce na kashe ta. Na ce ya riƙe ni shekara ɗari in ya so, amma ya ara mini yinin nan kaɗai. Muryata tana dukan bango tana dawowa. Mutum ɗari da goma sha biyu, ba wanda ya motsa.

Sai na ji an taɓa gefen mayafina.

Tsohuwa ce, ta farko a sahu, dab da shimfiɗar sarki. Ban san yadda na isa gabanta ba. Ƙarama ce, da tulun tagulla a cinyarta, busasshe. Da ta yi magana, muryar daga cikin tulun ta fito.

Ta tambaye ni ta wace hanya na zo. Na ce ta lungun rijiya.

“An buɗe?”

Na so in ce mata e. Na tuna kwaɗon. Na ce ba a buɗe ba.

Ta gyaɗa kai. Ta ce su marina ne, unguwarsu tana bayan katanga, daga rijiyar suke sha tun kakanninsu. Da za a yi bikin 'yar Nawab aka rufe ta, wai kwana bakwai, don a jera fitilu a matakala baƙi su gani. Biki ya watse, aka manta da mabuɗi. Suka koma shan ruwan kogi, inda suke zubar da rini. Yara suka fara ciwon ciki. Tata 'yar tana kwance ranar da ta zo ta ja sarƙa. Ta ce wa maƙwabciya ta duba mata ita, yanzu za ta dawo.

Ba ta tambaye ni labarin yarinyar ba. Ta juya wajen magatakarda, ta ce ita ce ta farko, kuma tana da haƙƙin ta farko.

Ya ce haka ne. In sarki ya yi nisa, na farkon sahu yana da ikon tura wakili da takardarsa zuwa ga sarki, ko ga wanda ke riƙe da gari a madadinsa. Tun tuni take da wannan iko. Wanda za ta aika ne babu, don duk na cikin zauren ƙafafunsu sun manta hanya.

Na ce zan je. Tun bai rufe baki ba na ce zan je.

Ya ɗaga yatsa ya ce in ji sharaɗi. Wakili ba ya fita daga sahu, aro aka ba da shi. Wurinsa yana nan har ya kawo amsa daga mai iko, da hatimi.

“Jikinki ne jingina,” in ji shi. “Dukansa. Duk inda yake, a sahu yake.”

Uku da rabi ta wuce. Na ce na yarda. Ni da nake karanta takardar magani har ƙaramin rubutun ƙasa, ban tsaya na auna maganar nan ba. Na ce na yarda, sau biyu.

Tsohuwar ta sa mini takardarta a hannu. Ta naɗe yatsuna a kai, ɗaya bayan ɗaya.

Taku biyar. Na ji zafin dutse a tafin ƙafata.

Huɗu saura minti goma sha tara. Na ɗauki takalmina a hannu, ban tsaya sawa ba. Na wuce rijiya, na wuce mai tikiti yana barcinsa. A bakin ƙofar fada na faɗa cikin wani adaidaita, na nuna masa katin asibiti, ina bugun bayan kujerarsa. Shanu suka tare hanya. Na sauka na ƙarasa da gudu, mace mai shekara hamsin da takwas, ba takalmi.

Ina hawa matakalar ƙarshe na ji Imtiyaz yana cewa ga ta nan, ga ta nan. An riga an kira sunana sau biyu.

Mutum biyar ne a bayan tebur. Suka tambayi dangantakata da mara lafiya. Suka tambaya ko an ba ni wani abu. Suka tambaya ko an tilasta ni. A ƙarshe shugaban, wanda ya tafi bikin nan, ya ce ko ina da wani ƙorafi. Na ce babu. Ya buga hatimi. Duka bai kai minti shida ba.

Ranar Asabar aka yi aiki. Ƙodar ta kama. A kwana na uku Barira ta ce tana jin yunwa, na fita baranda na yi kuka.

Da na iya tafiya, na nuna wa Imtiyaz takardar. Ya ce tsohon rubutun Urdu ne, irin na kakansa. Ya karanta layi uku, ya duba kwanan watan, ya ajiye ta a kan gado. Ya tambaye ni inda na samo. Na gaya masa. Ya ce ai ya ce in tsaya a filin gaba. Bai ƙara taɓa ta ba, amma ya fassara mini daga nesa, kuma ya raka ni ofishin da ke kula da kayan tarihin garin.

Sun karɓe mu da shayi. Suka ce an rufe rijiyar ne don kada wani ya faɗa. Na ce su sa mai gadi. Suka ce unguwar marina yanzu tana da famfo. Na ce ba famfo aka roƙa ba. Suka juya takardar, suka yi ta mamakin kyan rubutun, suka ce in bar musu su sa ta a gilashi baƙi su riƙa gani. Na ce takardar ƙorafi ba a yi ta don kallo ba, don amsa aka yi ta. Wani matashi a cikinsu ya rufe baki da fayil, yana ɓoye dariya. Suka ce in rubuto.

Na rubuta kafin mu taso. Na rubuta bayan mun dawo. A raina na ce ko ba su amsa ba, ni ce a sahu, kuma na ci shekaruna. In magatakarda ya aiko, in tafi.

Wata huɗu da dawowarmu, ran wata Laraba, muna tsinke zogale ni da Barira. Sha biyu da rabi ta yi. Ta ajiye tire. Ta cire silifas ɗinta, ta jera su a bakin ƙofa. Ta je jikin bango ta zauna, ta sunkuyar da kai, ta ɗaga hannun dama kamar mai riƙe da takarda.

Na kira ta. Na girgiza ta. Minti goma, sannan ta ɗago ta ce, “Umma, me ya sa kike kallona haka?”

A daren ranar na tuna maganarsa. Dukansa, duk inda yake. Na kai jikina jingina ranar Laraba, ranar Asabar na ciri wani sashe nasa na sa a cikin 'yata.

Ni ba abin da ya same ni, ko ciwon kai. Ita ce take zama. Kullum, sha biyu da rabi. Minti goma ya zama rabin awa. Rabin awa ya zama har azahar ta wuce. In ta tashi sai in karkaɗe mata ƙura a kafaɗa, a ɗakin da na share da hannuna. Likita ya gwada komai, ya ce ƙodar lafiya lau. Malamai uku sun yi mata ruƙiyya. Na ukun, wani dattijo, ya daɗe zaune kusa da ita, sannan ya kira ni waje. Ya ce waɗannan ba mugaye ba ne, ba za su ƙone da karatu ba. Masu bin umarni ne. Ya ce in kai musu abin da na ce zan kai.

Nan na tsaya da labarin a daren nan na gidan kawunmu. Can Sallau ya gyara murya, ya tambaye ni kaurin kwaɗon. Ya ce yana da almakashin ƙarfe da ke yanka sarƙar tirela, zai sa a cikin kaya.

Na ce masa da yankewa tana yi, da tuni na koma na yanke da haƙorana. Ba karya kwaɗo ake so ba. Mai iko ne zai buɗe da mabuɗi, da rana, ya rubuta cewa an ji kukan marina an biya musu, ya buga hatimi, a kai takardar bakin ƙaramar ƙofar nan a tura ta ƙarƙashi.

Ya miƙo hannu. Na ba shi wasiƙar da na rubuta wa ofishin kayan tarihin, ta goma sha huɗu. Ya sa a aljihun gaba, ya ce ko zai kwana a bakin ofishin sai an buga masa.

Na ce ya ji ni da kyau, shi da duk wanda ke wurin. In kun je Anwargar, ku ga fada da safe, ku biyu ko uku. Kada ɗayanku ya bi lungun rijiya shi kaɗai. Kada ya bi shi da rana tsaka. In ya ga sarƙar, ya sa hannuwansa a aljihu, ko da yana ganin wasa zai yi. Wanda ya kai mara lafiya wata ƙasa ba ya rasa abin da ke ci masa rai, kuma sarƙar ta fi shi sanin haka.

Yanzu gare ku, masu riƙe da mabuɗan garin. Na san za a fassara muku wannan, Imtiyaz ya yi alkawari. Kun gāji fadar, kun gāji tikitinta, kun gāji hotunanta da kuke bugawa a kalanda. To, kun gāji mutanen da ke zaune a cikinta. Allonku ya faɗi rabin magana, rabin da ya ɓoye ya ci mini 'ya. Ku gyara shi, wannan haƙƙin na baya ne. Ni ba na neman a ba ni haƙuri, ba na neman shayi. Tsohuwa ta roƙi ruwa tun kafin a haifi iyayenku, kuma aikin minti ɗaya ne.

Jiya Barira ta zauna sha biyu da rabi. Ba ta tashi ba sai da aka kira magariba. Da ta tashi, ta ɗan jima kafin ta tuna sunana.

Ku buɗe rijiyar.